Musbah da Rajistar Waɗanda Teku Ya Ci

Musbah ɗan Ammi Dau ne, wani dattijo mai nutso a teku yana ciro soso, a unguwarmu ta bayan tashar jiragen kamun kifi a Jarjis. Shekara biyu ya ba ni. Tun muna firamare an san shi da abu biyu: ba ya shiga jirgin ruwa sai ya yi amai, kuma duk rediyon da ya mutu a unguwa gidansu ake kai shi. Sau uku ubansa ya gwada shi a teku. A na ukun ya dawo da shi kwance a kan raga, ya yi laushi kamar tsumma, ya miƙa wa uwarsa ya ce, "Karɓi kayanki. Wannan ba na ruwa ba ne, ki kai shi makaranta."

Makarantar kuwa ta karɓe shi. Ya tafi Safakus ya karanta kwamfuta, ya ƙware a PHP, wato ɗaya daga cikin yarukan da ake rubuta shafukan intanet da su. Daga nan ya wuce Tunis, ya yi shekara goma a wani kamfani yana gina wa otal-otal shafin kama ɗaki. Shekarar da abokan ƙuruciyarsa suka haɗu suka hau jirgi zuwa Italiya sun yi masa tayin wuri, ya ce shi ko a kwaryar wanka aka sa shi sai ya yi amai. Suka tsallaka lafiya. Duk bazara sai su dawo da motoci masu lambar Turai, su same shi a gidan shayi su ce, "Injiniya, har yanzu kana nan kana gadin ƙasa?" Sai ya ce, "To idan kowa ya tafi, wa zai riƙa ganin motocinku?"

Da 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, kamfanin ya rufe. Musbah ya dawo gidan ubansa da matarsa Siham, da 'yarsu, da wata tsohuwar kwamfutar cinya da madannin harafi ɗaya ya ɓalle. Ya riƙa gyaran waya a shagon wani ɗan'uwansa, yana koya wa 'yan sakandare lissafi da yamma.

Ni Naziha, sana'ata buga takardu. Na daɗe a wani shago kusa da kotu ina buga wa mutane ƙorafi da takardar neman aiki. A nan Si Bilgasim ya same ni. Tsohon shugaban makarantarmu ne, ya yi ritaya, jikansa na cikin waɗanda suka hau jirgi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Shi ya tara iyaye irinsa suka kafa ƙungiya, suka kama ɗaki ɗaya a saman shagon mai burodi. Abin da ke damunsa shi ne teku na fito da gawarwaki a garuruwan gaɓa daban-daban, likitoci ba su san ko su waye ba, iyaye kuma na nan suna jira ba su san an fito da kowa ba. Yana son a yi rajista guda, duk uwar da ɗanta ya ɓata ta zo ta faɗi kamanninsa, duk likitan da aka kai wa gawa ya buɗe ya duba.

Ya aika aka kira Musbah. Musbah ya zo ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya, kamar har yanzu ɗan aji biyar ne.

"Zauna, ɗana, yau ba duka zan yi ba," in ji Si Bilgasim. "Za ka iya?"

"Zan iya, Sidi. Wata ɗaya."

"Ba mu da abin ba ka."

"Na sani, Sidi. Na ga kujerun."

Cikin sati uku ya gama. Fom ne mai shafi shida. Na farko suna da ranar da jirgi ya tashi. Na biyu tufafin da yaro ya fita da su. Na uku alamomin jiki: tabo, karaya, haƙorin da ya gutsure, zane a fata. Na huɗu hoto, na biyar 'yan'uwa da lambar waya, na shida amincewa. Wani lauya da ke taimaka mana ya gindaya sharaɗi: kada a sa bayanin kowa cikin rajista sai mai shi ya kai shafi na shida ya ce ya yarda. Saboda haka duk abin da na buga a shafi biyar na farko sai ya tsaya jira a wani wuri tukuna.

Ranar farko na tambaye shi inda yake tsayawa.

"Kin san matar da ke ajiye kaya a gidan wanka?" ya ce. "Ki tuɓe, ta zuba kayanki a kwando, ta ba ki lamba. Shafin intanet ba shi da ƙwaƙwalwa, da kin juya baya ya manta da ke. To sai a ba kwamfutarki lamba, a ware mata kwando a can babbar na'urar da ke riƙe da shafin. Duk abin da kika buga, cikin kwandon yake faɗawa. Mu seshon muke ce masa. Idan kin kai shafi na shida kin danna, sai a juye kwandon cikin rajista a wanke shi."

"Idan ban kai ba fa?"

"Idan aka yi minti ashirin da huɗu ba ki motsa ba, mai shara ya zubar."

"Me ya sa ashirin da huɗu?"

"Ki tambayi waɗanda suka ƙirƙiro abin. Ina jin ba su taɓa jiran mace ta fito daga wanka ba."

Muka yi dariya. Ba a yi kwana uku ba dariyar ta ƙare, domin minti ashirin da huɗu sun isa mai kama ɗakin otal, amma ba sa isar uwa. Za ta faɗi sunan ɗanta lafiya lau. Za ta faɗi rigar, har da inda aka saye ta. Da mun zo shafi na uku na ce, "Khalti," wato inna, "akwai wani tabo a jikinsa?" sai ta gane dalilin tambayar. Wata ta ƙura wa bango ido. Wata ta tashi ta ce bari ta yi salla. Wata ta kira 'yarta a waya su yi ta gardama a kan ko kafaɗar dama ce ko ta hagu. Kafin ta dawo hayyacinta na danna, sai allo ya ce lokaci ya ƙare, a sake daga farko. Akwai tsohuwar da na sa ta faɗi sunan ɗanta da kayan jikinsa sau uku a wuni ɗaya. A na ukun ta ce, "'Yata, ko so kike na haddace?"

Ranar na sauka na tafi shagon gyaran waya na same shi. Na ce masa ko ya gyara abin nan ko Si Bilgasim ya nemi wata mai bugawar. Ya zo washegari ya zauna a lungu ya ga yadda ake yi da idonsa. Bai iya zama har a gama da mace ta biyu ba, ya fita ya tsaya a matakala. Da ya dawo ya buɗe kwamfutarsa ya canja lamba ɗaya.

"Na mai da shi wuni guda," ya ce. "Ta je gida ta dafa abinci ta dawo, kwandonta na nan."

Abin ya yi daɗi. Aiki ya tafi. Cikin shekara biyu muka tara sunaye ɗari shida da 'yan kai, mata na zuwa daga Bin Gardan da Madanin da Tatawin a motar haya. Likitoci a garuruwa huɗu suka fara dubawa. An gane yara goma sha ɗaya ta hanyar rajistar, aka kai su gida aka binne. A garinmu wannan ake kira nasara. Musbah ya ɗan yi ƙiba. A gidan shayi idan aka ce "Injiniya" babu sauran zolaya a ciki.

Wata ranar Talata cikin sanyi, mata biyu suka zo a jere. 'Ya'yansu jirgi ɗaya suka hau, wata biyu kafin nan. Ta farko Khalti Galiya ce, matar wani direban tanka, ɗanta Hatim. Mace ce mai tsauri, ta zauna jaka a kan cinya tana ba ni amsa a gajarce. A shafi na uku ta ce yana da ƙarfe a ƙaurinsa na hagu, an sa masa bayan ya faɗi da babur. Na buga, na danna, muka shiga shafin hoto. Ta fito da hoton daga jaka, ta dube shi, sai ta mai da shi.

"Wannan rajistar ta matattu ce," ta ce.

"Khalti, ta waɗanda ake nema ce."

"Wanda yake da rai ba a neman sa da ƙarfen ƙafa. Ɗana yana kurkuku a Italiya, an ƙwace masa waya. Ba zan rubuta shi cikin matattu da hannuna ba."

Ta tashi ta fita. Ban hana ta ba, ba ita ce ta farko da ta yi haka ba. Na koma shafi na ɗaya, na ga duk gurabe fari fat, na kira ta gaba.

Khalti Mbarka ce, mai sayar da ƙwai da ganye a kasuwar Laraba. Ɗanta Wajdi. Ita kam magana ta yi ta yi, har ta ba ni labarin ranar da aka yaye shi. A shafi na uku na tambaye ta tabo, ta ce, "Wajdi? Sumul yake kamar ƙwai. Ko ƙurji bai bar masa alama ba." Na bar gurbin babu komai, na danna gaba. Shafi na shida suna da hoto da ranar tafiya kawai yake nunawa. Ta duba ta ce shi ne, ta dangwala yatsa a takarda, na danna. Ta ajiye min ƙwai shida a kan tebur ta tafi.

Bayan wata bakwai wani likita ya kira Si Bilgasim daga wani gari can sama da mu. Masunta sun jawo gawa a raga, ta daɗe a ruwa, babu fuska. Amma akwai ƙarfe a ƙaurin hagu, kuma a duk rajistar mutum ɗaya ne ke da irin wannan alama a shekarun da suka dace. Sunansa Wajdi.

Maza ne suka yi maganar a tsakaninsu, kamar yadda aka saba. Si Bilgasim ya kira yayan Wajdi. Yayan ya ce bai san ƙanensa da ƙarfe ba, amma Wajdi ya yi shekara biyu yana aikin gini a Libiya, kuma ba mai faɗin ciwonsa ba ne. Ya ɗauka uwarsu ce ta faɗa mana, ita da ta san komai nasa. Aka ce gwajin jini zai ɗauki watanni. Iyalin suka ce sun gaji da jira. Aka kawo akwati a rufe, aka yi salla, aka binne.

Na je gaisuwa. Khalti Mbarka ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Allah ya jiƙan iyayenki, 'yata. Wata tara ban san ɗanɗanon abinci ba. Jiya na ci kuskus faranti guda." Ta sa aka kira Musbah daga wajen maza ta sumbaci goshinsa. Duk Juma'a da safe tana maƙabarta da butar ruwa da ɗan tsintsiya.

Sai da aka yi kusan wata huɗu maganar ƙarfen ta zagaya ta kai kunnen Khalti Galiya. A wajen wani biki ta ji wata na cewa, "Ai da ƙarfen ƙafa aka gane ɗan Mbarka." Washegari da hantsi ta hau matakalarmu. Ba ta zauna ba.

"Wace ƙafa?" ta ce.

Na buɗe bayanin Wajdi. A shafin alamomi na ga rubutu: ƙarfe a ƙaurin hagu, haɗarin babur. Har da kuskuren harafin da na yi ranar da na buga shi. Na ji muryar Khalti Mbarka a kunnena tana cewa sumul yake kamar ƙwai. Ban san abin da fuskata ta nuna ba. Khalti Galiya ta dube ni, ta gyara mayafinta, ta ce, "Ni ban tambaye ki komai ba." Ta sauka.

Na kira Musbah. Ya zo da ƙaramar sukudireba a aljihun riga, ya zauna, ya buɗe rubutun da ya yi shekara uku da suka wuce. Ko minti goma bai yi ba ya ɗauke hannunsa daga madannai.

"Ba ta kai shafi na shida ba," ya ce. "Ba a wanke kwandon ba."

"Amma na koma farko. Babu komai a allon."

"Allon ba ya nuna abin da ke cikin kwando, ban sa shi ya nuna ba. Kwamfuta ɗaya ce, lamba ɗaya ce, kwando ɗaya ne. Duk gurbin da kika cike, sabo ya danne tsoho. Wanda kika bari babu komai, tsohon ya zauna." Ya shafa fuskarsa. "Da minti ashirin da huɗun nan ne, da wataƙila mai shara ya riga ya zubar. Ni na kori mai sharar."

"Ni na ce ka kore shi. Kuma da na kashe kwamfutar na sake kunnawa..."

"Na taɓa ce miki ki kashe?"

"A'a."

"To bar shi a inda yake, Naziha. Layi ɗaya ne. A sa shi a saman shafin farko, ya wanke kwando duk lokacin da aka fara sabon mutum. Ɗan aji ɗaya a Safakus ya san wannan. A otal kowa da wayarsa yake kama ɗaki, shekara goma ban taɓa tunanin mutum biyu a kujera ɗaya ba."

Nan take ya rubuta layin. Ya gwada sau biyar, yana aiki. Sannan ya tambaye ni mata nawa ne suka taɓa tashi ba su gama ba. Na ce ban ƙirga ba. Wani satin ɗaya, wani satin uku.

Si Bilgasim ya so a bi abin a hankali, a fara da lauya. Musbah ya ce shi zai je da ƙafarsa. Na bi shi, don bai kamata namiji ya shiga wa tsohuwa da irin wannan magana shi kaɗai ba. Mun same ta a tsakar gida da la'asar tana tsinke ganyen faski. Ta yi murna, ta ɗora shayi. Ya bari sai da ta zuba, sannan ya faɗa mata komai, bai ɓoye ba, bai ambaci sunana ba. Ya ce kuskuren injinsa ne, wato kuskurensa.

Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Sha shayinka, zai huce."

"Khalti, kin ji abin da na ce?"

"Na ji. Ka ce inji ya ruɗe. Da ya ce ɗana ne, ka yarda da shi. Yau ya ce ba ɗana ba ne, ka sake yarda da shi. Gobe kuma me zai ce?"

"Ke kika faɗa wa Naziha ba shi da tabo ko ɗaya."

"Na san abin da ya same shi a Libiya? Yaro ne mai zurfin ciki." Ta ci gaba da tsinke ganyenta. "Na binne ɗana, Musbah. Na san inda yake kwana. Kana so ka mai da min shi cikin ruwa?"

Ta ajiye ganyen ta dube shi.

"Uwarka ƙawata ce, shi ya sa ba zan ɗaga murya ba. Amma kada ka sake shigo min gida da wannan maganar."

Gidan Khalti Galiya ba a buɗe mana ƙofa ba. Mijinta ne ya fito ya ja ƙofar a bayansa. Ya ji bayanin yana kallon ƙasa. Ya ce matarsa ta ce Hatim na Italiya, kuma shi ba zai iya da ita ba. Sai ya rage murya ya tambayi a wane layi kabarin yake. Musbah ya faɗa masa.

Lauya ya shigar da takarda a ba da izinin tono kabarin a yi gwaji. Ana buƙatar sa hannun ɗaya daga cikin iyalan biyu. Babu wanda ya sa. Takardar na can har yau.

Daga nan Musbah ya bar shagon gyaran waya ya tare a ɗakin ƙungiya. Ya ce sai ya bi sunaye ɗari shida da 'yan kai ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce rajistar ba ta ajiye tarihin waɗanda suka tashi ba su gama ba, don haka babu yadda za a gane wane bayani ne ya gaji na wani sai an tambayi masu shi. Muka raba lambobin waya. Ka kira uwa bayan shekara biyu ka ce daga ƙungiya ne, sai ta ɗauka an samu labari. Sai ka ce a'a, tambaya ce kawai, da gaske ɗanki na da gutsurarren haƙori? Wasu sun zage mu. Wasu lambobin sun daina shiga. Wasu iyayen sun rasu. Wasu kuma sun ce ba su tuna ba, ko suka ce eh don kawai kada a goge sunan. Cikin wata biyar mun tabbatar da ɗari biyu da arba'in, mun gano tara da suka gauraya. Sauran babu wanda ya san gaskiyarsu.

Sai maganar yara goma sha ɗayan da aka binne ta taso. Bakwai an yi musu gwajin jini, babu shakka a kansu. Ɗaya shi ne wanda ke kabarin Wajdi. Sauran ukun da alama kaɗai aka gane su. Musbah ya so ya je gidajensu. Si Bilgasim ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Wallahi ba za ka je ba. Gida biyu bai ishe ka ba?" Wannan ne karo na farko da na ji ya yi masa tsawa tun muna yara. Musbah bai je ba.

Gari ƙarami ne, magana ta fita. Likitocin suka daina kira. Wasu 'yan ƙasar waje da suka fara tallafa wa ƙungiyar suka aiko da wasiƙa mai ladabi suka janye. Mata suka rage zuwa, daga baya suka daina. Wata rana a kasuwa yayan Wajdi ya tare Musbah a gaban jama'a ya ce, "Injiniya, yau gawar wa za ka raba mana?" Ya tofa yawu kusa da takalminsa. Musbah ya tsaya har mutumin ya gama ya wuce, sannan ya sayi tumatirin da ya zo saye.

Wani tsohon abokin aikinsa ya nemo masa aiki a Tunis, irin wanda ake yi daga gida. Ya karɓa, ya yi wata biyu. Siham ta faɗa min abin da wani zai rubuta cikin awa ɗaya shi sai ya kwana uku yana gwadawa yana sake gwadawa, ya kasa cewa ya gama. Suka sallame shi cikin mutunci. Siham ta yi haƙuri shekara guda, sannan ta samu koyarwa a Gabis, garin iyayenta, ta tafi da yarinyar. Ba saki ba ne. Yana zuwa ganinsu idan an yi hutu.

Si Bilgasim ya rasu a bazarar da ta biyo baya, bai ji labarin jikansa ba. Mai burodi ya karɓi ɗakinsa ya zuba buhunan fulawa. Aka rufe shafin. Ni na koma bugun takardu kusa da kotu. Musbah ya samu aiki a wata matsar zaitun a hanyar Bin Gardan, yana zaune gefen sikeli yana rubuta nauyin buhuna daga kaka zuwa ƙarshen sanyi. Sauran watannin yana gida tare da uwarsa da ta makance. Ciwon suga ya kama shi, ya rame, haƙoransa biyu sun fita. Shekararsa arba'in da shida amma idan ka gan shi za ka ba shi sittin.

Khalti Mbarka na nan, tana zuwa maƙabarta ranar Juma'a. Mai gadin wurin ya ce min mijin Khalti Galiya na zuwa ranar Litinin, lokacin da babu kowa, ya tsaya daga nesa kaɗan ya yi addu'a ya tafi.

Watan jiya na kai zaitun ɗin gonar mahaifiyata matsa. Na tarar da layi, na zauna a kan buhu kusa da teburinsa. Muka gaisa, ya tambayi yarana, ya ce 'yarsa ta ci jarrabawa. Da injin ya tsaya don a wanke shi, wurin ya yi tsit, sai ya ce min wata likita ta kira shi sati biyu da suka wuce. Sabuwa ce, ta samu lambarsa a tsohuwar takardar wanda ta gada. An kai mata ƙasusuwa, akwai tsohuwar karaya a ƙashin wuya da haƙorin azurfa a dama, tana tambaya ko rajistar nan na nan.

"Tana nan?" na ce.

"Tana cikin kwamfutata. Ban goge ba."

"Ka duba?"

"Na duba."

"Ka samu?"

"Mutum ɗaya. Karaya a ƙashin wuya, haƙorin azurfa a dama." Ya juya biron da ke hannunsa. "Yana cikin waɗanda ba mu tabbatar ba. Lambar gidansu ba ta shiga tun wancan lokacin. Alamar na iya zama tasa, tana iya zama ta ɗan wata matar da ta tashi kafin uwarsa ta zauna."

"To ka faɗa wa likitar haka mana. Su yi gwajin jini."

"Su je su nemo uwar, su ɗebi jininta, ta zauna wata shida tana jira, sannan a ce mata a'a? Ko a ce za a jira gwaji, 'yan'uwa su ce sun gaji?"

"Me ka ce mata?"

"Na ce ban samu kowa ba."

Na ce ya faɗa min sunan, wataƙila na tuna matar, wataƙila na tuna wadda ta zauna kafin ita. Ya ce shekara shida ke nan, mata ɗari shida, ba zan tuna ba, kuma idan na ce na tuna ba zai yarda da ni ba. Na roƙe shi da girman Allah. Ya girgiza kai.

Aka tayar da injin. Wani manomi ya jawo buhunansa ya ɗora a sikeli yana mitar an daɗe. Musbah ya sunkuya ya karanta nauyin, ya rubuta, ya sake dubawa, ya ce a kawo na gaba.